Allon Inna da Na Wanke

A wannan babin ba zan yi muku kwana-kwana ba. Kun sha jin ana cewa Ummanku ce ta salwantar da saƙon Inna, mahaifiyata. Kun ji a ƙauyenmu Zandam, kun ji a bakin Gwaggo Talle, ke Sadiya har dambe kika yi da wata yarinya a gidan suna saboda ta kira uwarki Wanke-allo. To ba ita ba ce. Ni ne, ubanku, wanda 'yan layinmu a Birnin Kudu suke kira Injiniya, rabi girmamawa rabi tsiya. Ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke yadda za ku riƙa gaishe ni.

Akwai wata cuta a hannuna tun ina yaro. Ba na iya kallon na'ura ban ga wani abu a jikinta da nake jin bai kamata ya zauna a wurin ba. Rediyo ne, keke ne, fitila ce, sai na buɗe na rage mata kaya. Wani lokaci in dace, wani lokaci in kashe. Kuma sai na fara muku da injin ban ruwa, in ba haka ba sauran zancen ba zai shiga ba.

Ba a daɗe da yanke mana jiha daga Kano ba, ina ɗan shekara goma sha bakwai, na riga na jefar da makaranta a aji uku na sakandare don ina ganin na fi malaman sani. Baba ya sayar da sa guda cikin shanun nomansa ya sayo injin ban ruwa, ya damƙa shi a hannun Yaya Sale, ɗan farin Inna. Albasa muka zuba a fadama a ranin nan, ta kuma yi kyau har mutane na tsayawa kallo. Wata rana Yaya ya tafi Gwaram sayen mai, ya bar ni gadin inji. Na tsuguna ina kallonsa yana aiki, sai na lura da wani ɗan sifirin da ke jan wani ƙarfe baya duk sanda injin ya so ya ƙara wuta. Na ce a raina, ashe kai ne kake danne shi. Da na kashe injin da yamma na ɓalle sifirin na jefa a aljihu, ina murna gobe ruwa zai ninka. Washegari Yaya ya ja igiya, injin ya tashi da wata kururuwa kamar ana yanka shi, kafin ya kai hannu ya kashe, ya buga. Babu mai gyaran da ya iya tayar da shi. Albasa ta bushe muna kallo.

Baba ya tara mu a tsakar gida, maƙwabta na leƙe ta kan danga. Ya nuna Yaya da sanda.

"Na ba ka amana ka kashe. Tashi ka ba ni wuri, kada in sake ganin ƙafarka a gidan nan."

Yaya bai dubi Baba ba, Inna ya duba. Tana zaune tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Kuma ta sani. Da safiyar ranar ta wanke rigata, ta tsinci sifirin a aljihu, ta kai shi ta ajiye a kan tabarmata, ta dube ni sau ɗaya, ta fita. Ku yaran yanzu ba ku san irin wannan kunyar ba. Mace irin Inna ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, balle ta tare masa faɗa a gaban ubansa. In ta yi, a ce ba ta da ta ido. "Wancan" take ce masa. Ni kuwa Auta take ce mini, ni ake ɓoye wa ƙanzo, ni ake rufa wa asiri. Yaya ya ɗaure kayansa a buhu ya tafi Kano, ya yi yaron mota, daga baya ya zama direban tirela. Da Baba ya rasu ya zo aka yi jana'iza da shi, ya gaida Inna daga bayan labule, bai kwana ba. Shekara talatin ke nan a taƙaice. Ban taɓa buɗe baki ba.

Na dawo Birnin Kudu na yi gyaran rediyo, kasuwar rediyo ta mutu na koma waya, daga waya na fasa bangon zaure na buɗe shagon buga takardu da fotokwafi. Ummanku, Hajara, ita ke da difloma, ni ke da sukudireba. Ita ke zama gaban kwamfuta, yatsunta na gudu ba ta ko kallon madannai, ni ina gefe ina hura firinta ina zagin janareta. Mutum zai shigo shagon da na gina da hannuna, ya tsallake ni da ido, ya ce, "Ina Malama?" Ban taɓa gaya mata abin yana cina ba. Ta hanyar tsawa nake gaya mata, a kan gishirin miya, a kan takalmin yara.

Shekarar da nake son ku riƙe ita ce wadda hawan jini ya kayar da Inna a Zandam, muka ɗauko ta don ta kusa da asibiti. Wata uku ta yi a gidanmu, kun tuna, ita ce mai raba muku goro kuna tofarwa. Zaman ɗaki ya ishe ta, sai ta riƙa jan tabarma zuwa shago bayan azahar, lokacin da ƙafa ke ɗaukewa. Ranar farko ta ƙura wa kwamfutar ido, Hajara ta buɗe ɗan farin shafin nan na rubutu da ke zuwa a cikin kowace kwamfuta, wanda ba saye ake yi ba, da shi ake haifarta. A kansa take fara tsara wasiƙun mutane saboda ba ya nauyi. Inna ta ga baƙaƙe suna fitowa suna ɓacewa.

"Wannan allon naku ba ya son tawada?"

"Ba ya so, Inna."

"Kuma a goge a sake, ba sai an kai shi bakin rijiya ba?"

"Nan take."

Ta ci gaba da juya carbi. Daga ranar sunansa ya zama allo a gidan nan. Kwana biyu bayan haka ina zaune ina kwance wata caja, sai ta ce:

"Auta, je ka sha iska."

"Inna, shagona ne fa."

"Na sani. Je ka sha iska."

Na fita na zauna ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida kamar wanda aka kora daga aji. Haka aka yi washegari, haka aka yi jibi, har sati shida. Ta taga nakan jiyo muryarta ƙasa-ƙasa, ba na rarrabe kalmomin, sai dai guda biyu da take maimaitawa da ƙarfi saboda kunnenta ya yi nauyi: "Karanta mini daga farko," da kuma "A'a, goge wannan." Kullum sai an karanta mata daga farko. Ni abin da ya fi ƙona mini rai, suruka da suruka, waɗanda ya kamata a ce kunya ta hana su haɗa ido, su ne suka rufe ƙofa suna ƙus-ƙus, ni ɗan cikinta ina waje ina korar ƙuda. Na tsare Hajara a madafi na tambaye ta.

"Me tsohuwa take sa ki rubutawa?"

"Wasiƙa ce, Malam."

"Ta wa?"

"Ta Yaya."

"Me ke ciki?"

"Amana ce."

Ta ce ta ba Inna shawara a ɗauki muryarta a waya a tura masa, minti biyar an gama. Inna ta kama baki ta ce ita za ta buɗe murya ta yi wa wancan magana kamar sa'arta? Allo dai, shi ba shi da ido. Tun daga ranar na daina cin abinci da daɗi. Wasiƙar sati shida zuwa ga Yaya Sale, me za a faɗa a ciki in ba inji ba? Kuma in an faɗi inji, wa za a faɗa?

Yanzu sai in yi muku bayanin allon, don kada wani ya zo daga baya ya ce muku tsautsayin na'ura ne. Da can wannan allon ba abin da ya iya sai karɓar rubutu, fari fes, kamar ƙwaryar da aka wanke. Sai masu yin sa suka shiga cusa masa kaya ta iska, duk sanda aka kunna data ya wayi gari da sabon iyayi. Ya koyi ja wa kalma jan layi a ƙasa wai an yi kuskure, alhali bai iya Hausa ba, don haka shafi guda sai ya koma ja kamar an yanka kaza a kai. Ya koyi canja kalma da kansa, ka rubuta gona ya mayar maka da ita wani Turancin da ba ka aike shi ba. Ya fito da wani ɗan maɓalli a sama wai zai sake tsara maka zance ya fi naka kyau. Na huɗu kuma, ya koyi riƙe rubutu: ko ba ka adana ba, ka rufe shi, ka kashe kwamfutar, gobe ka buɗe ka tarar da abinka inda ka bari. Wannan na huɗun shi Hajara ta dogara da shi. Ba don sakaci ba. In za ka adana rubutu sai ka raɗa masa suna, ya je ya zauna cikin takardun mutane, inda nake shiga ina bincike kullum. Inna kuwa ta ce kada a ajiye shi inda wani zai gani sai ta gama. Wani ɗin nan ni ne. Hajara ta bar shi ba suna, a can gefe, bayan wasu shafuka, tana ganin nan ne ba zan duba ba.

Wata rana na jiyo su suna dariya, na matso jikin taga.

"Me ya sa maganata take jini?" in ji Inna.

"Bai iya Hausa ba ne, Inna. Duk kalmar da bai sani ba sai ya ja mata layi."

"To shi da bai iya ba, shi ne kuma mai gyara?"

Suka sake kwashewa. Ni ban yi dariya ba, don na ji kamar da ni ake. Amma na samu abin da nake nema, na samu dalili. A satin ma allon ya canja wa wani dattijo daga Wurno kalma a takardar neman taki, ya dawo ya yi mana tijara. Na ce wa kaina, aikina ne in rage wa allon nan tarkace, Inna ma ta yi ƙorafi.

Ranar Alhamis da hantsi Hajara ta sa Inna a adaidaita suka tafi asibiti awon jini. Na ja kujerarta na zauna. Na buɗe allon, na shiga saitinsa. Turancina na aji uku ne, amma ya ishe ni karanta abin da ke wurin, kada ku ba ni uzurin jahilci. Na kashe jan layi. Na kashe mai canja kalma. Na kashe mai iyayin tsara zance. Har nan, ko gaban alƙali za a kai ni ina da bakin magana, kuma har gobe ina cewa waɗannan ukun ba su da amfani ga mai rubuta Hausa. Sai na zo kan na huɗu. Zaɓi biyu ne: in an buɗe allo ya ci gaba daga inda aka tsaya, ko ya fara sabo fari. Na san ba ya damun kowa. Ba ya jini, ba ya canja kalma, ba ya nauyi. Na mayar da shi kan sabo fari, na kai 'yar kibiyar kwamfuta kusurwa na danna rufewa.

Bai rufu ba. Wani ɗan akwati ya fito a tsakiya yana tambayata, akwai rubutun da ba a adana ba, me za a yi da shi? A bayan akwatin shafin ya fito fili. Layin farko na gani, "Zuwa ga Sale." Idona ya gangara ƙasa ya faɗa kan kalma ɗaya, inji. Ban ƙara karanta ko harafi ba, tsoro bai bar ni ba. Akwatin nan hanya uku ya ba ni: a adana, kada a adana, ko a fasa rufewar gaba ɗaya. Biyu cikin uku na alheri ne. Na zauna ina kallonsu tsawon abin da za a dafa shayi, mai rake ya wuce yana talla, wata akuya ta leƙo ta koma. Ba wanda ya ture mini hannu, wuta ba ta ɗauke ba. Na danna na tsakiya.

Na sake buɗewa. Fari fes.

A makarantar allo da muka yi a Zandam, yaro ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam, malam ya ji ya zauna, ya ce je ka wanke. Wanda ya wanke kafin a ce, bulala ce. Ina ɗan shekara bakwai na san wannan.

Suka dawo gab da azahar. Inna ta ci abinci, ta yi salla, ta ja tabarmarta, ta ce yau za a ƙarasa, layi biyu suka rage. Ba ta ma kai ga cewa in je in sha iska ba Hajara ta buɗe allon. Na ga bayanta ya sandare. Ta rufe ta sake buɗewa. Ta shiga nan ta fita can. Sannan ta juyo.

"Malam, ka taɓa allon?"

Da ta yi ihu da ya fi mini sauƙi. A hankali ta tambaya, a gaban uwata. Ni kuwa na ɗaga murya yadda na saba in ba ni da gaskiya.

"Na rage masa tarkace, aikina ne. Ba ke ce mai difloma ba? Wane mai hankali ne zai yi rubutun sati shida bai adana ba? Ko yaron da ya fara koyo jiya ya san wannan."

Ta buɗe baki, ta dubi Inna, ta rufe. Inna ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"An wanke?"

"An wanke, Inna," in ji Hajara.

Inna ta juyo gare ni. Kallon nan ne, na ranar sifirin, bai tsufa ba ko kaɗan. Sau ɗaya, sannan ta sauke ido kan carbinta.

"To. Allah ya sa haka ne mafi alheri. Yau na gaji, gobe ma sake."

Goben ba ta zo mata da baki ba. Da safe Hajara ta kai mata koko ta tarar ɓarin dama ya saki, harshe ya karye. Kwana goma sha ɗaya ta yi a asibiti tana kallon silin, in an yi mata magana leɓenta ya motsa ba abin da ke fita. Likita ya ce jinin ne, dama yana hanya. Na riƙe wannan maganar ta likita kamar laya, har yau ina taɓa ta in abin ya taso mini. Ba ta cika aiki ba.

A Zandam aka binne ta. Yaya Sale ya iso bayan an dawo daga maƙabarta, gemunsa ya yi fari, ya yi ƙiba irin ta masu dogon zama a mota. Ya zauna karɓar gaisuwa kwana uku ba ya ce wa kowa komai sai amin. Gwaggo Talle, ƙanwar Baba, wadda ta je duba Inna a gidanmu ta ga ana rubutun, ita ta tsegunta masa. Ranar uku bayan la'asar mutane sun ragu, ya kira ni bayan rumbu, daidai inda muke ajiye injin da can. Tunda nake bai taɓa neman komai a wurina ba.

"An ce ta bar mini takarda."

"Ta bari, Yaya. Sai dai matata ta yi sakaci, ba ta adana ba, ta goge."

Ya daɗe yana murza hularsa a hannu.

"Duka?"

"Duka."

"Kai ka gani? Ta kama sunana a ciki?"

Na gani. Shi ne ma kaɗai abin da na gani sosai. Amma in na ce na gani, sai a tambaye ni yaushe, a ina, ina yin me.

"Ban gani ba, Yaya."

Ya mayar da hularsa. Hajara ta ji labari a cikin gida, ta aiko Gwaggo Talle ta ce a gaya wa Yaya ta haddace wasiƙar, sati shida tana karanta ta daga farko kullum, in ya yarda ta tsaya bayan labule ta biya masa. Yaya yana ɗaure takalmi ya ce:

"Wadda ta kasa riƙe takarda ce za ta riƙe magana? Ta bar shi. Ba na son a ƙaga mini uwa."

Ya hau mota kafin magariba. Kafin a yi sadakar bakwai matan gidan sun raɗa wa Ummanku suna, kuma ina ji ana faɗa, ina shan fura.

Muka dawo Birnin Kudu, Hajara ta rufe kwamfutar da ɗankwali ta koma cikin gida. Ba ta yi yaji ba, ba ta kai ƙarata ba, ba ta fasa zuba mini ruwan wanka ba. Aikin shago ne kawai ta daina. Masu cewa "Ina Malama?" suka tambaya sau ɗaya, sau biyu, suka koma shagon bakin tasha. Na zauna ina buga takarda da yatsa biyu kamar kaza na tsattsagar gero. In an tambaye ni me ya kashe kasuwa sai in ce wuta, in ce gwamnati, in ce yaran da ke buga komai a waya. Kun ji ni ina wannan zagin shekara biyu, kuna tashi daga tabarma ɗaya bayan ɗaya. Yanzu kun san wa nake zagi.

Watan da ya wuce, da hantsi, na gama buga wa wani takardar haya, na je rufe allon, akwatin nan ya fito. Ban san tana bayana ba, ta kawo mini kunu. Ta ajiye kofin a kan firinta.

"Ka ga yana tambaya."

"Wa?"

"Allon. Ba ya wankuwa sai ya tambaya. Tun ranar na sani, Malam."

Na nemi tsawar da zan yi, ban same ta ba. Na ce me ya hana ta faɗa.

"A gaban Inna? Ta rasa ɗaya, in sa ta rasa biyu?"

"Bayan ta rasu fa? Kina ji ana kiranki da sunan banza."

"Ina jira ka faɗa da bakinka. Ita ma shekara talatin ta jira."

Na kasa ɗaga kai. Kunun yana hucewa, ni ina kallon akwatin. Daga ƙarshe na tambayi abin da ya kamata in tambaya tun kafin in taɓa saitin, abin da na kashe wasiƙa guda don kada in ji.

"Me ta ce a kaina?"

"Ba ta ce komai ba."

"Kada ki rufa mini."

"Sau bakwai ta ce in rubuta sunanka, sau bakwai ta ce in goge. Wani lokaci ya kwana a allon, da azahar ta ce a cire. Na ƙarshe ta ce, wanda ya yi shi zai faɗa, ba aikina ba ne. Abin da ya tsaya a wurin shi ne: 'Na san ba kai ka taɓa injin ba. Na sani tun ranar, na yi shiru. Shirun nawa ne, shi nake roƙo ka yafe mini.' Babu kai a ciki, Malam. Ka wanke allon da babu kai a ciki."

Ta ɗauki tirenta za ta fita, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Sunan Yaya kuma, ranar farko cewa ta yi in rubuta zuwa ga wancan. Na ce Inna, wasiƙa ba ta zuwa wurin wancan. Ta ce to ki sa abin da kika sani. Ni na sa. Sai a sati na biyar, ina karanta mata daga farko, ta ce tsaya. Ta faɗe shi da bakinta, a hankali, kamar mai ɗanɗana abu mai zafi. Sau biyu. Sannan ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce ci gaba."

Wannan shi ne abin da na hana ɗan'uwana ji a bayan rumbu.

Ba na neman ku ce ubanku ya yi ƙoƙari da ya faɗa. Ban yi ƙoƙari ba, kama ni aka yi, kuma wadda ta kama ni ta fi ni kunyar abin. Abin da nake so, duk inda kuka ji an ce Wanke-allo, ku ce sunan ubanmu ne, ku ba su wannan takardar su karanta. Na roƙi Ummanku gafara, ta ce tsakaninta da ni ba komai, amma shago ba ta dawo ba, kuma ban ga laifinta ba. Kwana tara na yi ina buga wannan babin da yatsa biyu, a kan allon nan dai. Zan fitar da kwafi uku. Ɗaya naku. Ɗaya na Gwaggo Talle, a karanta mata da ƙarfi a tsakar gida, matan su ji. Na ukun zan kai tasha da kaina in ba direban Kano da ya san garejin su Yaya. Ko zai karanta, ko zai kunna murhu da shi, wannan ba a hannuna yake ba.

Yaya, in ka kawo nan: ka tambaye ni ko ta kama sunanka. Ta kama, sau biyu, akwai mai shaida. Wasiƙar tana nan a cikin kan Hajara ba ta zube ba, na ji ta tana biya ta ita kaɗai tana wanke-wanke. Ba ƙage ba ne, ni ne maƙaryacin. Ka zo ka ji, in ba ka son ganina zan je in sha iska.

Sunan da Inna ta goge sau bakwai kuma, ta ce mai shi zai faɗa. Wanda ya ɓalle sifirin injin Baba ya sa a aljihu, ya tsaya yana kallo aka kore ka, Abubakar ne, autanta.

Saitin nan na huɗu ban mayar da shi ba, na bar shi yadda na lalata shi, don allon ya riƙa tambayata. In na sa aya a wannan layin zan kai kibiya kusurwa, akwatin zai fito da hanyoyinsa uku. Na farkon zan danna.